Ɗorawa Biyu Suka Rage, Barista

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar lauyoyi 'yan asalin yankinmu,
Barista Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gaishe ka, ina gaishe da iyali da sauran lauyoyin da ke aiki tare da kai. Sannunku da zafin bazarar nan, ku da kuke sanya baƙar riga a kan kwat. Ranka ya daɗe.

Ni ce Malama Hajara, wadda ta koyar da kai a aji uku a firamaren ƙauyenmu, ta hanyar Makoɗa. Na ce maka ranka ya daɗe saboda kujerar da kake kai. In ban da kujera, da sunan da mahaifiyarka take kiran ka zan kira ka, kuma ka san ban manta da shi ba. Ban so in yi maka magana a bainar jama'a ba. Sau biyu na aika maka wasiƙa ta hannu, sau uku na taka da ƙafata zuwa ofisoshinku, ko tari ban ji daga gare ka ba. Shi ya sa na ba da wannan a buga, ko wani da ya fi ni kusa da kunnenka zai karanta maka.

Ga maganar a taƙaice. Ina da ɗorawa uku a gonar da ta kasance ta ƙanena Idi. Ranar Alhamis da ta wuce aka sare ɗaya. Sauran biyun suna tsaye ne da alfarmar Dagaci, wanda ya roƙi mai gonar na yanzu ya dakata har ranar kasuwar Ɗambatta ta sama. Takardar da ta ba shi ikon saran kuwa, tambarin ƙungiyarku ne a kanta.

Na ɗaya. Dole in bayyana abin da kai ka sani, don lauyoyinka da aka haifa a birni. A nan wajenmu gona daban, itacen da ke cikinta daban. Gonakinmu ƙanana ne, sun matsi juna, in ka yi atishawa a taka maƙwabci zai amsa maka daga tasa. Da mahaifinmu ya rasu aka zo rabon gado, an ga in aka tsaga gonar ba wanda zai samu abin da zai cika rumbu. Sai malamai suka yi wa ƙasa ƙima, suka yi wa itatuwa ƙima. Idi ya ɗauki ƙasa, ni na ɗauki ɗorawa uku, da yardata, a gaban Liman da Dagacin wancan lokaci. Shekara ashirin da wani abu ke nan. Idi yana noma ƙarƙashinsu, ko ƙwaya ɗaya bai taɓa tsinka ba sai ya aiko an tambaye ni. Haka tsamiya take, haka kuka take, a kusan kowace gona daga nan har Tsanyawa. Yawancin masu itatuwan kuma mata ne.

A shekarun nan da kwanon hatsi ya fi ƙarfin talaka, ɗorawar nan ce ta riƙe mini gida. In sussuke kalwa in dafa daddawa, a kai kasuwa a dawo mini da gero. Garin kuma jikokina uku su sha, marayun da babban ɗana ya bar mini. Har makubar ba na zubarwa, da ita nake gyara daɓen ɗakina. Ba ado nake yi da su ba, Barista, abincin gidana ne.

Na biyu. Ina so in tuna maka inda ƙungiyarku ta samo asali, don na lura a jawabinka na rediyo kana ambaton sa da alfahari. Da ka dawo daga ƙaro karatu a ƙasar waje, ka zo gaishe ni, ka zauna a tabarmata ka ba ni labari har shayinka ya huce. Ka ce mai gidan da kake haya ya watso maka kaya waje cikin sanyi, ba ka san kowa ba, wani ya nuna maka wani ofis inda lauyoyi suke sauraron marasa hali kyauta. Ka shiga, sai ka tarar ƙungiyar lauyoyin Yahudawa ce ta garin. Ka ce gabanka ya faɗi, har ka yi niyyar juyawa. Ba su tambaye ka addininka ba, sunanka suka tambaya da abin da aka yi maka, suka tsaya maka har ka koma ɗakinka. Daga baya ka roƙa suka bar ka kana taya su aiki kana koyo.

Kai ka gaya mini yadda suka faro. Ka ce kakanninsu a aikin 'yan ƙalilan ne, a zamanin da manyan ofisoshin lauyoyi ba sa ɗaukar su saboda addininsu. Suka riƙa haɗuwa a ɗaki guda, wanda ya samu aiki ya jawo na baya, wanda ya rasu a kula da iyalinsa. Da suka tsaya da ƙafafunsu sai suka buɗe ƙofa ga kowane talaka, rana ɗaya a mako. Suka yi rassa a wasu garuruwa, suna ɗaukar nauyin ɗalibai, suna shirya wa ƙananan lauyoyi horo. Ka ce daga yammacin Juma'a zuwa Asabar ko gobara ake yi a kotu ba sa buɗe ofis, kamar yadda mu ma ba a ganin mu a gona lokacin Juma'a. Amma abin da ya fi burge ka, wanda ka maimaita mini har sau biyu, shi ne duk girman da suka yi, tsofaffinsu ba su daina zama a teburin talakawa ba. Kuma in baƙin wata ƙasa suka yawaita a garin, ba sa tsara musu wata takarda sai sun tura mutum ya zauna da dattawansu ya ji yadda suke aure, yadda suke gado, yadda suke ciniki. Ka ce irin wannan kake so ka kafa mana, kuma sun yi alkawarin taimaka maka da shawara da littattafai.

Na uku. Ka san ba da tafi aka karɓe ka ba. Da aka ji kalmar Yahudawa, majalisar ƙofar masallaci ta ɗauki zafi. Wasu suka ce gonakinmu ake so a ƙirga, wasu suka ce an saye ka. Liman, Allah ya jiƙansa, ya ce a duba aikin tukuna, in bai saɓa wa addini ba to alheri ba ya da ƙabila. Maza suka ɗan lafa. Mata kuwa ni ka bar wa. Gida gida na shiga, da rana tsaka, ina cewa yaron nan ni na koya masa riƙe alƙalami, ba zai cuce mu ba. Na ce musu takarda ba maƙiyiyarmu ba ce, rashinta ne ya sa ake cinye wa marayu gona. Suka yarda da ni don ba su taɓa kama ni da ƙarya ba.

Kuma a farko ba ku ba ni kunya ba, ba zan ɓoye wannan ba. Ku biyar ne a rumfar kwano bayan tashar Ɗambatta, ranar kasuwa. In aka kawo muku maganar gona, kai da kanka kake hawa bayan babur ka je ka ga iyaka, ka taka gamba, ka tambayi maƙwabta. Akwai gwauraye da zawarawa a ƙauyukan nan da har gobe suke sa maka albarka.

Na huɗu, kuma wannan ne yake ƙona mini rai. A shekara ta biyu mutum biyu daga waccan ƙungiya ta lauyoyin Yahudawa suka zo ganin aikinku. Ɗaya tsohuwa ce, 'yar siririya mai farin gashi, wadda yaran ƙauye suka laƙaba wa Mai Tambaya kafin ta kwana biyu. A gidana ka sauke ta cin abincin rana. Ka ja ni gefe ka ce ba ta cin naman da ba yankan mutanensu ba, na ce ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, na yi mata miyar kuka ba nama. Ta ci, ta tambayi abin da yake ba miyar ƙamshi. Na nuna mata daddawa. Ta ce daga ina. Muka taka da ita har gona, kana fassara. Ta tambayi mai gonar, na ce ƙanena. Ta tambayi mai itacen, na ce ni. Tsohuwar nan ta tsaya cak, ta sa ka sake tambaya ta, don tana zaton kai ne ka yi kuskuren fassara. Da ta tabbatar sai ta zauna a kan saiwa ta rubuta a ɗan littafinta, ta daɗe tana rubutu. Sannan ta ɗaga yatsa ta yi maka magana mai tsawo. Na tambaye ka me ta ce. Ka ce wai tana gargaɗin ka, duk ranar da za ku tsara takardar gona ku bar wa mai itace gurbi, don dokar da aka koya muku a makaranta tana ɗaukar itace a matsayin wani ɓangare na ƙasa. Ka yi dariya ka ce da ni, Malama, ni da aka haifa a nan za a koya wa wannan?

Baƙuwa ta kwana biyu ta hango ramin, ɗan gari ya yi dariya. Ban sani ba ko tana raye. In tana raye Allah ya ba ta lafiya.

Na biyar. Ƙungiya ta girma, muna murna. Kuka bar rumfar kwano kuka kama bene a Kano, kuka buɗe rassa, kuka sayi mota mai sunanku a jiki. Yara masu jini a jika suka shigo, masu ladabi ƙwarai, amma da yawansu in ka nuna musu ɗorawa da maɗaci ba za su bambance ba. Aiki ya yi yawa, zuwa gona ya zama ɓata lokaci. Sai kuka buga fom guda na cinikin gona, a cike a reshe, a buga tambari, kowa ya kama gabansa. Na riƙe fom ɗin nan na karanta shi ya fi sau goma tun ranar Alhamis. Akwai gurbin mai sayarwa da mai saye, akwai gabas da yamma da kudu da arewa, akwai shaidu. Babu gurbin mai itace. Wani ya gaya mini daga takardar cinikin fuloti ta birni aka kwafo shi. Fuloti kuwa ai ba ya da ɗorawa, sai ledoji.

Na shida. Bara matar Idi ta kwanta ciwo mai tsawo, hatsi ya ƙare tun kafin damina ta yi nisa. Bayan kaka ya yanke shawarar sayar da gonar ga wani Alhaji daga Kano mai son noman masara. Ban hana shi ba, ƙasarsa ce. Ni ce ma na ce kada a yi cinikin baka, a je wurin lauyoyinmu. Muka je reshenku na Ɗambatta ranar kasuwa, ni da Idi da wakilin Alhaji da Mai Unguwa. Wata lauya matashiya ta cike mana fom. Idi ya buɗe baki a gaban kowa ya ce itatuwan nan uku na Yaya ne, ba sa cikin ciniki. Wakilin Alhaji ya gyaɗa kai. Yarinyar ta duba takardar sama da ƙasa, ta ce, ba komai Baba, ai kowa ya ji, babu wurin rubuta shi ne kawai. Layi ya yi tsawo a bayanmu, rana ta take. Aka nemi shaida mai iya rubutu, aka miƙo mini biro.

Na sa hannu, Barista. Ni da na shekara talatin ina ce wa yara kada su rubuta sunansu a ƙarƙashin abin da ba su gane ba. Na karanta, na ga iyakoki daidai ne, na ga tambarinku, hankalina ya kwanta. Ko a mafarki ban kawo cewa shirun takarda a kan itace yana nufin itace ya tafi ba, don a ƙauyenmu ba a taɓa yin haka ba. Wannan laifina ne kuma na ɗauka. Amma ni malamar firamare ce, ku ne lauyoyi, ku aka gargaɗa.

Da bazara ta shigo Alhaji ya aiko masu injin yankan itace. Ya ce motar noma ba ta iya juyawa tsakanin itatuwa, kuma inuwa tana kashe masara. Idi ya ruga gona ba ko hula, ya rantse musu, suka ce su aiki aka ba su. Kafin Dagaci ya iso babbar ɗorawar ta kwanta, da 'ya'yanta a jiki, saura makonni kaɗan su nuna. Alhaji bai zage mu ba, bai ɗaga murya ba. Ta waya ya ce wa Dagaci shi abin da ke takarda ya saya, wakilinsa kuma ya ce bai tuna an yi wata magana ba. Idi yanzu ba ya iya haɗa ido da ni. Ƙanena da muka sha nono ɗaya yana zagaye ƙofar gidana kamar wanda ya yi sata, alhali bai ci mini komai ba.

Na bakwai. Tun da aka fara jita-jitar saran, kafin ma a kawo inji, na je reshen Ɗambatta. Aka ce fayil yana Kano. Na shiga bas na je Kano, na zauna a bencinku tun hantsi har la'asar, aka ce kana taron shirya bikin shekara. Na sake komawa ranar Litinin da ta gabaci saran. A ranar wani lauya ya gan ni, ya ba ni ruwa mai sanyi, ya kira ni Mama. Ya ciro kwafin takardar, ya ɗora yatsa a kan sa hannuna, ya tambaye ni ko nawa ne. Na ce nawa ne. Ya ce to ƙungiya ba za ta iya tsaya mini a kan takardar da ita da kanta ta tsara ba, sai dai in nemi lauya na waje. Wato ƙofar da na yi shekaru ina turo mata su shiga, ni aka rufe wa ita, kuma da mabuɗin da na miƙa da hannuna. Na fito na tsaya a bakin titi, na rasa ta ina ake hawa motar gida.

Kada ka ɗauka ni kaɗai ce. Tun ranar Alhamis mata bakwai suka yi sallama a gidana, kowacce da itace a gonar da aka sayar da fom ɗinku. Akwai mai tsamiya biyu, akwai mai kuka, akwai tsohuwar da ba ta da komai a duniya sai ɗorawa ɗaya. Ba su zage ni ba, da ma sun zage ni da na fi samun sauƙi. Zama suke yi su ce, Malama, yaya ke nan? Masu cewa tun farko gonakinmu ake so a ƙirga sun samu abin faɗa a majalisa, suna ɗora laifin a kan Yahudawan da su ne ma suka ce a yi hattara. Wannan zalunci ne a kansu, kuma ku kuka jawo musu.

Na ji a rediyo cewa a makon nan ne bikinku, har da baƙi daga waccan ƙungiya, za ku nuna musu yadda kuka bunƙasa. Ba na baƙin ciki da bunƙasarku, ina da hannu a cikinta. Amma in za ka lissafa musu rassa da motoci, ka nuna musu fom ɗin ma, ka gaya musu tun yaushe rabonka da teburin talakawa.

Ga abin da nake roƙo, kuma ban roƙi abin da ya fi ƙarfinka ba.

Ka zo da kanka kafin ranar kasuwa. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka zauna da Alhaji da Dagaci da Idi da Mai Unguwa, ka kawo lauyar da ta cike fom ɗin ta faɗi abin da kunnenta ya ji. Ba na so a kore ta, yarinya ce, abin da aka ba ta ta cike. Ka faɗa wa Alhaji da bakinka cewa kuskuren takardarku ne. Mutum ne mai jin kunyar manya, na tabbata in shugaban lauyoyi ya ce masa haka zai saurara. In ya ƙi, ka nemo mini lauyan da zai nemi kotu ta dakatar da saran, tunda kun ce ku ba za ku iya ba.

Ku janye fom ɗin nan daga duk rassanku yau, ba bayan biki ba. Ku ƙara masa layi ɗaya, a rubuta itatuwan da ke gonar da sunan mai kowanne. Ku bi waɗanda kuka riga kuka cike ɗaya bayan ɗaya, tun masu inji ba su riga ku ba. Kuma kowane sabon lauya da kuka ɗauka, ku turo shi ƙauye ya yi ko mako guda ne. Zan ba shi tabarma da tuwo, in zagaya da shi gona gona.

Wadda aka sare ba na neman a biya ni ita. Mahaifina ya tarar da ita a tsaye, ba a sayar da irinta a kasuwa.

Allah ya ƙara maka girma mai amfani, ya raya maka zuri'a, ya kare ka daga sa hannu a kan abin da zai dame ka ranar gobe. Allah ya sa ƙungiyarku ta fi haka, ya saka wa waɗanda suka koya maka wannan aiki da alheri. Ban yi maka baki ba, kuma ba zan yi ba.

Abu na ƙarshe. In ka san ba za ka zo ba, kada ka bar ni ina kallon hanya. Ka aiko a gaya mini kwana ɗaya kafin kasuwa, in kwashi jikokina mu tafi gidan 'yata a Tsanyawa. Gonar ba ta da nisa da gidana. Ranar Alhamis ina tsakar gida ina tankaɗe na ji kukan injin, na ji faɗuwarta har ƙasa ta motsa a ƙarƙashina, ƙaramar jikata ta tambaye ni ko hadari ne ya taso. Na ce mata eh. Ba ni da ƙarfin da zan sake yi mata wannan ƙaryar har sau biyu.

Wassalam.

Malamarka ta aji uku,
Hajara